Kiɗan Rok da Fargabar Lalacewar Tarbiyya: Fashin Baƙi Kan Tuhumar da Ta Shekara 70

Tun daga tsakiyar shekarun 1950, lokacin da kiɗan rok ya fito daga kudancin ƙasar Amurka ya mamaye gidajen rediyo, ba a taɓa yin wani zamani da aka rasa masu ɗora masa alhakin lalacewar matasa ba. An tuhume shi da koyar da fasiƙanci, an tuhume shi da share wa kwaminisanci hanya, daga baya aka ce ƙofa ce ta bautar shaiɗan, aka kuma ce shi yake ingiza yara su hallaka kansu ko su hallaka wasu. Wasu daga cikin waɗannan tuhume-tuhume sun kai gaban Majalisar Dattawan Amurka, wasu sun kai gaban alƙali, wasu kuwa sun jefa 'ya'yan mutane kurkuku na shekaru masu yawa. Duk wanda ya tashi a gidan da ake ɗaukar tarbiyya da muhimmanci zai fahimci damuwar iyayen da suka tsorata, kuma ni ma na fahimce ta. Sai dai akwai tambayoyi biyu da aka riƙa cakuɗa su tsawon wannan lokaci, kuma daga cakuɗawar ne mafi yawan ɓarnar ta fito. Ta farko ita ce ko wata waƙa ta dace da addini da kunya da mutunci, wanda hukunci ne da kowane mahaifi da kowace al'umma suke da haƙƙin yankewa. Ta biyu ita ce ko waƙar ce ta haddasa wani laifi ko wata musiba, wannan kuwa da'awa ce, kuma da'awa ba ta tsayawa sai da hujja.

Kiɗan ya samo asali ne daga haɗuwar waƙoƙin baƙar fata na baƙin ciki da na rawa, da waƙoƙinsu na coci, da kuma kiɗan karkara na farar fata talakawa. Chuck Berry da Little Richard da Fats Domino baƙar fata ne, Elvis Presley kuwa farar fata ne da ya tashi cikin talauci a Mississippi da Tennessee, ya fara naɗar faifai a birnin Memphis a 1954. Abin da ya ba kiɗan ƙarfi a wancan lokaci bai tsaya ga amonsa ba. Arzikin da Amurka ta samu bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya sa matasa sun fara riƙe kuɗi a aljihunsu, an ƙirƙiro ƙaramin faifai mai sauƙin kuɗi a 1949, sannan ƙaramar rediyo mai batir ta shiga kasuwa a 1954. Kafin wannan lokaci rediyo babban akwati ce da ke zaune a falo, maigida ne yake murɗa ta, kowa yana jin abin da ake ji. Daga nan sai yarinya ta iya shiga ɗakinta ta rufe ƙofa ta saurari abin da mahaifiyarta ba ta sani ba. A ganina wannan sauyin shi ne tushen fargabar gaba ɗaya, domin karo na farko ke nan da aka samu wata babbar masana'anta tana magana da yaro kai tsaye ba tare da ta bi ta hannun iyayensa ba.

Amma ba za a fahimci zafin adawar farko ba sai an sa wariyar launin fata cikin lissafi. A watan Mayun 1954 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin cewa raba makarantun baƙar fata da na farar fata ya saɓa wa tsarin mulki, kuma a jihohin kudu aka kafa ƙungiyoyin farar fata domin bijire wa wannan hukunci. Ɗaya daga cikin jagororinsu a Alabama, Asa Carter, ya yi shelar cewa kiɗan rok makirci ne na ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata ta NAACP domin gurɓata 'ya'yan farar fata, ya kuma nemi a cire faya-fayan daga shaguna da wuraren shan shayi. A watan Afrilun 1956 wasu mutane masu wannan ra'ayi suka haura dandamali a Birmingham suka far wa Nat King Cole yana tsakiyar waƙa, alhali shi mawaƙi ne mai sanyin murya, sanye da kwat, wanda salonsa bai haɗa hanya da rok ba. Laifinsa launin fatarsa ne. A 1957 aka soke shirin talabijin na Alan Freed, mai gabatar da shirye-shiryen da ya fi kowa yayata wannan kiɗa, bayan an nuno wani matashin mawaƙi baƙar fata, Frankie Lymon, yana rawa da wata yarinya farar fata. Mutanen da suka yi waɗannan abubuwa da sunan tarbiyya suka yi su, suna ambaton iyali da addini, amma abin da suke karewa shi ne tsarin da ya hana baƙar fata zama kujera ɗaya da su.

Akwai kuma damuwar da ta shafi kunya, wadda ta fi waccan gaskiya. Yadda Elvis Presley yake karkaɗa ƙugu a gaban 'yan mata masu ihu ya girgiza iyaye da limaman coci, har wani alƙali a Jacksonville ta jihar Florida ya gargaɗe shi a 1956 cewa ya rage motsin jiki ko a kama shi. Lokacin da ya fara bayyana a shirin talabijin na Ed Sullivan a watan Satumbar shekarar, an ƙiyasta cewa mutum miliyan 60 ne suka kalla, a bayyanarsa ta uku kuwa, cikin Janairun 1957, aka umarci masu ɗaukar hoto kada kyamara ta sauka ƙasa da cikinsa. A 1964 lamarin ya kai hukumar bincike ta FBI ta buɗe fayil kan waƙar “Louie Louie”, bayan iyaye sun kai ƙorafin cewa akwai batsa a ɓoye cikinta. Jami'ai suka zauna a ɗakin gwaji suna juya faifan da sauri, suna juya shi a hankali, suna kasa kunne, aka shafe wajen shekara 2 ana wannan aiki, daga ƙarshe suka ce sun kasa gane abin da mawaƙin yake faɗa. Kalmomin batsar da suka tayar da hankalin jama'a 'yan makaranta ne suke rubuta su a takarda suna miƙa wa juna, suna cewa su ne ainihin baitocin.

Wani adadi yana taimakawa wajen auna wannan fargaba. Yawan haihuwa tsakanin 'yan matan Amurka masu shekara 15 zuwa 19 ya kai ƙololuwa a 1957, inda aka samu haihuwa kusan 96 cikin kowace mace 1,000, daga nan ya riƙa sauka a daidai shekarun da kiɗan rok yake ƙara yaɗuwa, har ya koma kusan 50 a tsakiyar shekarun 1980. Adalci ne a faɗi cewa yawancin 'yan matan 1957 suna da aure, kuma kason haihuwar da ba ta aure ba ya ƙaru sosai daga baya. To amma a cikin waɗannan shekarun ne aka fito da ƙwayar hana ɗaukar ciki a 1960, mata suka cika jami'o'i da ofisoshi, shekarun aure suka yi sama, dokokin saki suka sassauta. Wanda ya tsame kiɗa daga cikin wannan tarin dalilai ya ce shi ne sila, ya zaɓi abin da ya fi ƙara ne a kunne, ba lalle ne ya zama abin da ya fi nauyi ba.

Zamanin yaƙin cacar baki ya fito da raunin tuhumar ƙarara. A Amurka wani mai wa'azin Kirista, David Noebel, ya wallafa ɗan littafi a 1965 yana cewa kiɗan Beatles, ƙungiyar mawaƙan Ingila, makami ne na 'yan kwaminis domin dagula tunanin matasa. A daidai wannan lokaci hukumomin Tarayyar Sobiyet suna ɗaukar kiɗan a matsayin gubar 'yan jari-hujja da aka turo domin rusa gurguzu. Da yake ba a sayar da faya-fayan a shagunan gwamnati, matasan Mosko da Leningrad sai suka riƙa samo tsofaffin hotunan ƙashi da asibitoci suka zubar, su yanka su da almakashi su yi da'ira, su huda tsakiya da wutar taba, su naɗi waƙa a kai da na'urar da suka haɗa da hannu. Idan aka ɗaga irin wannan faifai aka haska da fitila, haƙarƙarin wani majinyaci ko ƙashin hannunsa ake gani, kuma an ɗaure mutane saboda sayar da su. A Jamus ta Gabas an tarwatsa taron matasa a Leipzig a ƙarshen Oktoban 1965 bayan an haramta wa ƙungiyoyin kiɗa da yawa wasa, aka tura wasunsu aikin dole a ma'adinan kwal. A Cekoslobakiya kuwa shari'ar da aka yi wa wasu makaɗa a 1976 ita ce ta zaburar da marubuci Václav Havel da abokansa suka fitar da takardar neman haƙƙin ɗan Adam ta 1977. Kiɗa ɗaya ba zai zama makircin kwaminis kuma makircin jari-hujja a lokaci guda ba. Kowane ɓangare ya dubi matasansa ne ya ga sun fara kufce masa, sai ya rataya abin a wuyan abokin gabar da yake da shi tun da can.

Masanin zamantakewa Stanley Cohen, haifaffen Afirka ta Kudu da ya yi aiki a Ingila, shi ne ya fayyace yadda irin wannan firgici yake tasowa, a binciken da ya wallafa a 1972. Ya nazarci rikicin da aka yi tsakanin wasu rukunoni biyu na samari a garuruwan gaɓar teku na Ingila a 1964. A garin Clacton an yi sanyi da ruwan sama a hutun Ista, samari suka rasa abin yi, aka yi jefe-jefe da fashe-fashen tagogi, aka kama kusan mutum 100, asarar dukiya kuwa ba ta wuce fam 500 da 'yan kai ba. Amma jaridun London suka ba da labarin kamar an ci garin da yaƙi. Da hutu na gaba ya zo, 'yan sanda sun riga sun ja daga a Brighton da Margate, 'yan jarida sun kafa kyamarori, samarin da ba su da ruwa da rikicin farko sun karanta a jarida irin rawar da ake sa ran su taka, suka zo suka taka ta. Cohen ya nuna cewa akwai matakai da suke maimaituwa: wani abu na gaskiya ya faru, kafafen watsa labarai su kumbura shi, a ware wani rukuni a mai da shi dodo, masu faɗa-a-ji su nemi a tsananta doka, tsanantawar ta jawo ƙarin kame, ƙarin kamen kuma ya zama hujjar cewa dama an faɗa. Abin lura shi ne bai ce babu matsala ba, cewa ya yi martanin ya fi matsalar girma nesa ba kusa ba.

Matsaloli na gaskiya kuwa akwai su, kuma wanda yake kare kiɗan rok yana ɓoye su bai yi wa kowa adalci ba. Daga tsakiyar shekarun 1960 miyagun ƙwayoyi sun zama ruwan dare a wannan harka, wasu mawaƙa ma sun fito fili suna ƙawata shan su. Jimi Hendrix da Janis Joplin sun mutu a 1970, Jim Morrison ya bi su a 1971, dukansu suna da shekara 27, kuma dukansu rayuwarsu ta cakuɗe da kayan maye. Wani nazari da aka yi a jami'ar John Moores ta Liverpool a 2007 kan fitattun mawaƙa fiye da 1,000 ya gano cewa mutuwar wuri ta fi yawa a cikinsu sosai idan aka kwatanta da tsararrakinsu. A bikin kiɗa na Altamont a California, cikin Disambar 1969, 'yan daban babur da aka ɗauka gadi sun kashe wani matashi da wuƙa a gaban dandamali. A Norway wasu makaɗan wani reshe na kiɗan metal, wato nau'in rok mai tsananin amo, sun shiga ƙona majami'u a farkon shekarun 1990, ɗaya daga cikinsu, Varg Vikernes, ya kashe abokin sana'arsa a 1993, aka yanke masa ɗaurin shekara 21. Ƙungiyoyin masu aƙidar fifita farar fata a Ingila da Jamus da Amurka sun daɗe suna amfani da kiɗan rok wajen jawo samari da tara kuɗi. Haka kuma waƙoƙi da yawa sun mai da mace kayan wasa da lafazin da babu mai mutunci da zai so 'yarsa ta ji. Iyayen da suka ƙi waɗannan abubuwa ba su yi kuskure ba.

Irin wannan damuwa ce ta haifar da ƙungiyar iyaye ta PMRC a 1985. Tipper Gore, matar Sanata Al Gore, ta sayo wa 'yarta mai shekara 11 faifan mawaƙi Prince, suka kunna tare, ta ji batsar da ba ta zata ba. Ta haɗu da wasu matan manyan Washington, ciki har da Susan Baker matar sakataren baitulmali, suka fitar da jerin waƙoƙi 15 da suka ce sun fi ƙazanta, suka nemi a riƙa sa alamar gargaɗi a jikin faifai. A ranar 19 ga Satumbar 1985 kwamitin kasuwanci na Majalisar Dattawa ya zauna sauraron bahasi, mawaƙa uku suka zo ba da shaida. John Denver, wanda ake gani a matsayin mawaƙi mai ladabi, ya ba kwamitin mamaki da ya ƙi goyon bayan shirin, ya ba da labarin yadda wasu gidajen rediyo suka haramta waƙarsa ta yabon duwatsun Colorado saboda sun zaci ƙwaya yake yi wa waƙa. Dee Snider, da doguwar sumarsa da yagaggiyar riga, ya zaro takarda daga aljihu ya bayyana cewa waƙarsa da aka fassara da azabtarwa ta sha'awa, a kan tsoron tiyata ya rubuta ta, domin wani abokin kiɗansa da za a yi wa aiki a maƙogwaro. Frank Zappa kuwa ya kira shirin share fagen tauye 'yancin faɗar albarkacin baki.

Duk da haka kamfanonin faifai sun amince da sa alamar gargaɗin a watan Nuwambar shekarar, kuma a 1990 aka daidaita alamar nan mai baƙi da fari da har yau ake gani. Ni ina ganin buƙatar iyaye ta sanin abin da ke cikin kayan da ake sayar wa 'ya'yansu buƙata ce mai ma'ana, kuma tana cikin matakai mafi sauƙi da aka taɓa ɗauka kan wannan batu. Sakamakon ne ya zo da fuska biyu. Manyan shaguna irin su Walmart sun ƙi sayar da faifai mai alamar, abin da ya tilasta wa kamfanoni fitar da nau'in da aka tace, amma ga matasa da yawa alamar ta zama talla, domin ita take nuna musu faifan da manya ba sa so su ji.

Inda fargabar ta rabu da hankali shi ne zancen saƙon ɓoye. A farkon shekarun 1980 wasu masu wa'azi suka riƙa zagaya majami'u suna juya faya-fayai da baya, suna cewa akwai kalmomin yabon shaiɗan da ƙwaƙwalwa take ɗauka ba tare da mai sauraro ya sani ba. Masana halayyar ɗan Adam biyu a Kanada, John Vokey da Don Read, sun gwada wannan da'awa suka wallafa sakamakon a 1985: mutane ba sa fahimtar ma'anar maganar da aka juya da baya, ba ta sauya halinsu, kuma suna “jin” saƙon ne idan an riga an gaya musu abin da za su ji. Amma wannan bai hana maganar kaiwa kotu ba. A Disambar 1985 wasu samari biyu a jihar Nevada, mai shekara 18 da mai shekara 20, suka wuni suna shan giya da tabar wiwi suna sauraron faifan ƙungiyar Judas Priest, sannan suka tafi filin wasan yara na wata coci suka harbi kansu. Ɗaya ya mutu nan take, ɗayan ya rayu da mummunan rauni a fuska har 1988. Iyalansu suka kai ƙara suna cewa an ɓoye umarnin “aikata” a cikin waƙa. A zaman shari'ar da aka yi a Reno a 1990, jagoran mawaƙan, Rob Halford, ya kawo nasa kaset ɗin da ya juya waƙoƙinsu da baya, ya kunna wa alƙali, ya nuna cewa idan mutum ya sa kansa zai ji jimloli iri-iri marasa kan gado, har da wata mai kama da roƙon a ba shi alewa. Alƙali ya yanke cewa sautin da ake magana a kai haɗuwar numfashin mawaƙi ce da ƙarar jita, ba da gangan aka sa shi ba, kuma ba a tabbatar shi ya jawo abin da ya faru ba. Abin da shari'ar ta tono game da rayuwar samarin ya fi ban tausayi: barin makaranta, rashin tsayayyen aiki, shaye-shaye, da tashin hankali a gida. Uwar da ta rasa ɗa dole ta nemi dalili, kuma babu mai zarginta, sai dai masu iya magana sun ce an bar jaki ana dukan taiki.

Mafi munin abin da wannan zato ya haifar ya faru ne a West Memphis ta jihar Arkansas. A watan Mayun 1993 aka tsinci gawarwakin yara uku 'yan shekara 8, gari ya ruɗe, aka ce aikin matsafa ne. Aka kama samari uku talakawa, aka dogara da iƙirarin ɗayansu mai raunin fahimta wanda ya yi bayan dogon titsiye kuma yake cike da kurakurai, sannan aka gabatar wa kotu baƙaƙen rigunansu da irin kiɗan metal da suke ji da littattafan da babbansu yake karantawa a matsayin alamun tsafi. A 1994 aka yanke wa ɗaya hukuncin kisa, biyu ɗaurin rai da rai, alhali tun 1992 wani jami'in FBI, Kenneth Lanning, ya fitar da rahoton cewa bai samu hujjar wanzuwar ƙungiyoyin shaiɗan masu yanka mutane da ake ta yayatawa ba. Gwajin ƙwayar halitta na 2007 bai danganta samarin da wurin kisan ba, amma sai a Agustan 2011 aka sake su, bayan sun shafe shekara 18 a tsare. Haka ma bayan harbe-harben makarantar Columbine ta jihar Colorado a Afrilun 1999 aka yi caa a kan mawaƙi Marilyn Manson, daga baya ta bayyana cewa maharan ba masoyan kiɗansa ba ne.

Wannan salo ya tsallaka ƙasashen Musulmi kusan yadda yake. A Janairun 1997 jami'an tsaron Masar suka kama gomman matasa a Alƙahira bisa zargin bautar shaiɗan, jaridu suka cika shafukansu da labaran tsafi, ƙarshe aka sake su saboda babu hujja. A Kasablanka ta Maroko an yanke wa makaɗa da masoyan metal 14 ɗaurin wata 1 zuwa shekara 1 a 2003, baƙaƙen riguna na cikin abubuwan da aka kafa hujja da su, sai da jama'a suka yi zanga-zanga kotun ɗaukaka ƙara ta wanke 11 daga cikinsu. Ga Musulmi wannan ya kamata ya fi tayar da hankali, domin jifan mutum da shirka ko ridda ba tare da shaida ba babban al'amari ne a shari'a, ko da kuwa wanda ya yi jifan yana ganin kiɗan kansa haramun ne. Saɓanin malamai kan hukuncin kiɗa tsoho ne kuma yana da muhallinsa, amma babu ɓangaren da ya halatta ƙazafi. A Nijar ma jitar lantarki ta sha irin wannan kallo: Mdou Moctar, Buzun da yanzu yake cika zaurukan Turai da Amurka, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, saboda gidansu ba su yarda da harkar ba.

Binciken masana bai ba kowane ɓangare cikakkiyar nasara ba. Wani nazari na cibiyar RAND da aka wallafa a 2006 ya bi matasa 1,461 na tsawon shekara 3, ya gano cewa masu yawan sauraron waƙoƙin da ke wulaƙanta mace sun fi saurin fara jima'i, amma bai ga irin wannan alaƙa ba ga waƙoƙin soyayya da babu wulaƙanci a cikinsu. Ke nan abin da baitin yake faɗa ya fi salon kiɗan muhimmanci. Wani nazari a Birtaniya a 2015 ya nuna cewa 'yan shekara 15 da suka ɗauki kansu cikakkun 'yan rukunin “goth”, masu baƙaƙen kaya da waƙoƙin ƙunci, sun ninka sauran kusan sau 3 wajen kamuwa da ciwon damuwa a shekara 18, sai dai masu binciken da kansu sun ja hankali cewa wannan bai nuna rukunin ne sila ba, domin yaron da aka tsangwama ko yake cikin ƙunci yakan nemi inda za a karɓe shi. A jami'ar Queensland ta Ostareliya kuma, a wani ƙaramin gwaji na mutum 39, an fusata masoyan kiɗa mai tsananin amo da gangan sannan aka bar su suka saurari abin da suke so, aka ga fushinsu bai ƙaru ba, hasali ma sun fi samun natsuwa. Abin da na fahimta daga waɗannan shi ne kiɗan da yaro ya maƙale wa yakan zama alamar halin da yake ciki, kuma mahaifin da ya fasa kaset ko ya ƙwace waya ya tsaya nan, ya kawar da alamar ne ya bar ciwon. Cutarwar da babu jayayya a kanta kuwa ba a cika yin wa'azi a kanta ba: Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan 1 suna cikin haɗarin lalacewar ji saboda ƙarar sauti.

Da rok ya tsufa, masu sauraronsa na farko suka zama kakanni, Sarauniyar Ingila ta ba Paul McCartney na ƙungiyar Beatles lambar girma ta “Sir” a 1997, majami'u da yawa a Amurka suka shigar da jita da ganguna cikin ibadarsu, sai fargabar ta koma kan waƙoƙin gambarar zamani na baƙar fata. A 1999 wata mai bincike, Carrie Fried, ta ɗauki baitocin wata tsohuwar waƙar gargajiya mai ba da labarin kisa ta raba wa mutane, ta gaya wa wasu cewa gambarar zamani ce, wasu kuma ta ce musu waƙar karkara ce ta farar fata. Waɗanda aka ce wa gambara ce sun fi ganin baitocin a matsayin haɗari, sun fi neman a sa musu takunkumi, alhali kalmomin ba su bambanta ko da harafi ɗaya ba. An maimaita gwajin a 2016 aka samu sakamako makamancin wannan. A kotunan Amurka masu gabatar da ƙara sun yi amfani da baitocin gambara a ɗaruruwan shari'u a matsayin shaida kan samarin da suka rubuta su, mafi yawansu baƙar fata, abin da ya sa jihar California ta kafa doka a 2022 da ta wajabta wa alƙali ya fara auna ko irin wannan shaida za ta cusa wa masu taya shi hukunci son zuciya kafin ya karɓe ta.